Na je Yamai ganin ɗan yayata mai karatun agogo

Ni dai sana'ata gyaran agogo ce, tun ina yaro na koye ta wajen maigidana Allah ya jiƙansa, yau shekara ashirin da ƴan kai ina zaune kan teburi ɗaya a kasuwar Tawa da ɗan gilashin ido da hantsaki da kwalin batura, amma tsakani da Allah yanzu rabin abin da ake ci a gidana daga salula yake fitowa, canjin ekran, bakin sharji, irin su, don agogo sai tsofaffi da ƴan lakwal masu jarrabawa da ango ranar ɗaurin aure. To a watan Disamba yayata da ke aure a Yamai ta kira ni ta ce ɗanta ya zo hutu daga Faransa, wancan mai karatun dokta, wai ta tsare shi ta ce ya faɗa mata mi yake karantawa duk shekarun nan, ya ce mata agogo. Ta ce "ka ji fa, agogo, abin da kake yi a bakin kasuwa ko satifika ba ka da ita." Na yi dariya har mai shayin kusa da ni ya waiwayo. Dama ina da niyyar shiga Yamai sayayyar kaya, sai na ce mata a ajiye mini tabarma, zan zo in ga abokin sana'a.

Motar da na yanki tikiti anka ce ƙarfe huɗu na dare za ta tashi, na iso huɗu saura kwata na naɗe kai da rawani don sanyin Adar a wannan lokaci ba ya jin magana, iska na shiga ta ƙafar wando kamar an aiko ta. Huɗu ta yi, huɗu da rabi ta yi, ba mu motsa ba sai biyar da minti ashirin da biyu. Na san mintin daidai saboda agogo uku ne a jikina, Seiko 5 a hannu, Casio a aljihu, ga salula, kuma ita ce cutar mai gyaran agogo, kowa yana jira kawai amma kai kana ƙirga jiran. A Badagishiri munka yi asuba da ruwan da ya kusa cire mini yatsu, munka faɗa babbar hanya a Tsarnawa, Ƙonni shayi da burodi da ƴan canji suna kaɗa naira da sefa a fuskar mutane. Daga nan barci. Na farka a Dogon Dutsi, na sake farkawa wajen da jandarma sunka ce a fito da kati, Doso azahar da tsire mai sanyi. Wajen Kure na manna fuska a gilashi ko zan ga raƙumin dawa, ban ga komai ba sai jakuna. La'asar ta yi mana a Yamai.

Gidan yaya yana ƙetaren kogi, Harobanda, can ɓangaren jami'ar Abdu Mumuni, sai da ɗan taksi ya hau da ni Gadar Kenedi. Yaron ya fito ya durƙusa ya karɓi jakata, ya yi ƙiba kaɗan ya sa tabarau, amma kunnuwan nan na gidanmu suna nan. Anka kawo dambu da kopto. Ina cikin ci na duba Seiko na miƙe zan yi alwalar magariba, sai ya ce "Kawu zauna ka ƙarasa, jikinka yana Tawa, nan da sauran minti goma sha biyu ko fiye." Wannan na san shi tun daga azumi, kullum mu muke riga ƴan Yamai shan ruwa, amma shi ya ba ni lissafin, wai Tawa tana wajen digiri 5 gabas, Yamai wajen digiri 2, kowane digiri rana tana cin minti huɗu kafin ta ƙetare shi. Kuma wai lokacin da duk Nijar take bi an ɗaure shi ne da layin digiri 15, wanda ya ratsa ta Injamena, shi ya sa a Yamai rana ba ta yin tsaka sai ɗaya saura kaɗan.

Bayan isha na ce bari in gwada shi. Na ciro Casio na ajiye kan tabarma na ce "to Dokta, mi ke bugawa a cikin wannan?" Ya ce ɗan dutsen kwarts ne mai yatsu biyu, yana kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya. Lambar na san ta, a rubuce take a jikin kayan da muke saye, abin da ban taɓa sani ba shi ne dalilinta, ashe in ka raba ta biyu ka sake rabawa har sau 15 za ta dawo ɗaya cif, sakan kenan. Sai na jefa masa wadda ta daɗe tana damuna, na ce mi ya sa agogon bango in bazara ta yi zafi sai ya riƙa ja baya, mutane su kawo mini suna zagin batir alhali batir lafiya lau. Ya ce an yanka dutsen ne ya yi daidai a wajen digiri 25, in zafi ya wuce haka ko sanyi ya yi ƙasa duk rage gudu yake, a zafin digiri 45 irin na watan Afrilu zai iya zubar da wajen sakan ɗaya a yini, na hannu kuwa jikin mutum yana riƙe masa zafi ɗaya shi ya sa ya fi gaskiya. Shekara ashirin ina ba mutane haƙuri a kan abin nan. Na gyara zama.

Na ce to naku agogon fa. Ya ce matsalar dutse ita ce kowanne da yankansa, ba biyu da sunka zama ɗaya, amma ƙwayar zarra, ƴar mitsitsiyar nan da kowane abu da irinta aka gina shi, ba masana'anta ta ƙera ta ba, ta ƙarfen sesiyom da ke Faransa da wadda ke Sin duk abu guda ne ba bambanci. Ƙwayar tana da zama iri biyu, kuma ba ta tashi daga wannan ta koma wancan sai an buga mata igiyar rediyo mai kaɗawa daidai adadin da take so. A 1955 wani Louis Essen a Ingila ya haɗa agogon farko mai aiki da haka, irinsa ake ce wa agogon zarra, a 1967 duniya ta yarda cewa sakan ɗaya shi ne kaɗawa 9,192,631,770 na wannan igiya ta sesiyom. Ba rana, ba inuwa. Shi yaron nasa aikin da wani ƙarfen mai suna rubidiyom yake yi, wadda tata lambar ta haura miliyar 6.8. Abin da ya ba ni dariya, ashe a cikin agogon nasu ma akwai kwarts, shi ne yake bugawa, ƙwayoyin aikinsu kawai a tambaye su "ya yi gaba ko ya yi baya?" sai na'ura ta murɗa shi ya dawo hanya. Na ce masa ashe ƙwayoyin nan masu gyaran agogo ne irina, sai dai su ba sa karɓar ko dala.

Ina ta ƙorafin sanyi ina jan bargo, sai ya ce Kawu ai ba ka ga sanyi ba. Wai ƙwayar rubidiyom a zafin ɗaki tana gudun wajen mita 300 a sakan, ta fi jirgin sama na fasinja, to yaya za ka tsayar da mai irin wannan gudu ka yi masa tambaya ya ba ka amsa mai kyau? Dole a sanyaya ta, kuma sanyi a wajensu ma'anarsa rage gudu. Da haske ake yi. Na ce haske ai zafi yake kawowa, ya ce a'a, haske yana tura abu, turi kaɗan ƙwarai, duk ɗigon hasken leza, wato tsinin haske mai launi ɗaya tak, da ƙwayar ta haɗiya yana rage mata wajen milimita 6 a sakan, sai ta haɗiyi wajen dubu 50 kafin ta tsaya, kamar a tsayar da bijimi da jifan ƙwayar gero, amma da yake jifan miliyoyi ne a sakan kafin ƙiftawar ido ya tsaya. Dabarar ita ce ana saita launin lezar ƙasa kaɗan da wanda ƙwayar take haɗiya, don haka sai wadda ta nufo hasken a guje ce take jinsa daidai, kamar yadda odar mota take ƙara kaifi in ta nufo ka ta kuma yi kauri in ta wuce. A haska ta gefe shida, gabas yamma kudu arewa sama ƙasa, a ƙara naɗin waya biyu masu maganaɗisu, duk inda ta nufa an tare ta. Sai su taru a tsakiyar wani akwati da anka zuƙe wa iska, ɗan gajimare kamar ƙwayar wake, sanyinsu saura ƙiris ƙiris ya taɓa ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sifili, wanda babu na ƙasa da shi. Mutum uku sunka ci kyautar Nobel a kan wannan a 1997, Steven Chu da William Phillips da Claude Cohen-Tannoudji, kuma na ƙarshen a Kustantin ta Aljeriya anka haife shi, na ce to ai ɗan maƙwabta ne, rabin samarin unguwarmu suna Tamanrasat ci-rani.

In sun yi sanyi sai a wurga su sama wajen mita ɗaya, yadda mace take wurga hatsi a faifai, su ratsa igiyar rediyo a hawa su sake ratsa ta a saukowa, wajen rabin sakan tsakani. Tsawon lokacin nan shi ne riba, kamar ni in anka ba ni agogo minti ɗaya ba zan gane yana gudu ba, amma bar mini shi kwana uku. Irin waɗannan agoguna sai su yi shekara miliyan 100 ba su ɓatar da sakan ɗaya ba. Na kwanta ina juya lambar a kaina, ni da nake murna in Seiko ta zubar da sakan goma kawai a yini.

Washegari munka shiga Babbar Kasuwa na sayi batura da madauri da ekran goma sha biyu, ban ga sauƙin da ake cewa Yamai tana da shi ba, amma bar wannan. Abin da yaron ya roƙa shi ne mataccen ekran, fasasshe, wanda mai shago ya ba mu kyauta yana mana kallon marasa aikin yi, sai kuma sukari kilo ɗaya a wajen mai tebur. Da dare ya ce in ɓare masa ledar da ke saman gilashin, wai shi hannunsa ba ya iyawa. Na sa reza na ɗaga gefe na ja a hankali ta fito gaba ɗaya, baƙa-baƙa kamar tabarau, na goge danƙon da alkol. Wannan leda na fi shi saninta. Tun ina yaron shago in munka ɓare ta daga fuskar Casio sai lambobi su ɓace ɓat alhali agogo yana aiki, in ka juya ta ka mayar sai fuska ta yi baƙi lambobi su yi fari, samari har biya suke a yi musu haka don gayu. Na yi wa agogo ya fi ɗari, ban taɓa tambayar dalili ba, maigidana ma cewa yake sirrin Japan ne.

Ya ce to Kawu wannan ledar ita ce karatuna. Shi yana cewa polarizasiyo, ni na sa masa suna kwanciyar haske. Ka ɗaure igiya a turke ka riƙa kaɗa ta, kana iya kaɗawa sama da ƙasa, kana iya kaɗawa hagu da dama. Haske ma haka yake tafiya, na rana da na fitila duk a cakuɗe, ledar kuma kamar dangar kara ce, mai kaɗawa ta tsawon karan ne kawai yake wucewa. In ka sa danga biyu ɗaya a tsaye ɗaya a kwance ba abin da zai fita. A fuskar Casio leda biyu ce, tsakaninsu wani ruwa mai murɗa kwanciyar hasken kwata ɗin zagaye don ya samu wucewa ta biyun, inda batir ya taɓa sai ruwan ya daina murɗawa wurin ya yi baƙi, shi ne lambar da kake karantawa.

Muna cikin haka anka ɗauke kuran, yaya ta fara salati, shi kuwa ya ce madalla haka ya fi. Ya buɗe ordinatarsa ya sa farin shafi, don hasken ekran ɗin dama ta leda yake fitowa a kwance gefe guda. Ya ce in kara ledata a ido in riƙa juyawa. Na juya na juya sai ekran ya mutu, baƙi ƙirin, kamar an kashe. Ya ɗauko kwalbar mayonez da ruwan randa ya ajiye a gaba, ba abin da ya canza, baƙi dai. Sai ya ɗauko ta biyu wadda ya narka sukarin nan a ciki tun la'asar har ya yi kauri kamar madi. Wallahi kwalbar nan ita kaɗai ta kama haske a cikin duhun, shuɗi-shuɗi, gefenta duk baƙi, ina ƙara juya ledar tana komawa shunayya, ta koma kamar ruwan goro, ta yi rawaya. Na sauke ledar na kalli kwalba, ruwa ne fari ba komai. Na mayar, launi ya dawo. Yaran gidan sunka yi layi kowa sai ya gani, yaya ma ta karɓa ta duba ta ce "to na gani, sukarina fa?" Ya ce sukari yana murɗa kwanciyar haske zuwa dama, kowane launi da yawan murɗarsa, wani Bafaranshe Biot ya gano irin wannan a ruwaye tun 1815, kuma har yau masana'antun sukari da haka suke auna yawansa. Ya ƙara da cewa zuma yawanci hagu take murɗawa, na riƙe wannan a raina.

Daga nan ya kawo maganar Michael Faraday, wanda a 1845 a Landan ya sa wani gilashi mai nauyi kusa da babban maganaɗisu na lantarki ya ga hasken da ya ratsa ya murɗe, in ya kashe wutar ya daina. Na sukari da na maganaɗisu ba ɗaya ba ne, in ka sa madubi hasken ya koma ta cikin sukari murɗar warwarewa take, na maganaɗisu kuwa ninkawa yake. Wannan na biyun shi ne yake faruwa a gajimaren ƙwayoyinsa, kuma da yake launin lezar yana kusa da wanda suke so, ɗan abu kaɗan sai ya yi murɗa mai yawa.

To ga inda gizo yake saƙar. Bayan an buga wa ƙwayoyi igiyar rediyo dole a ƙirga nawa sunka canza zama, don daga nan ake sanin kwarts ya yi gaba ko baya. Hanyar da aka saba ita ce a dalla musu leza mai launin da suke haɗiya daidai, su yi ƙyalli a auna ƙyallin, ko a auna yawan hasken da sunka cinye. Amsa tana fitowa, amma ƙwayoyin sun yi zafi sun watse, sai a sake tara wasu daga farko, kuma duk lokacin da ake tarawar nan kwarts yana tafiya ba mai kallonsa, maigadi ya tafi cin abinci, abin da ya ɓata a lokacin ba wanda ya gani. Wani mai suna Dick a Amurka ya yi lissafin wannan ɓarna a 1987 har sunansa ya bi ta. Ita kuwa hanyar murɗa, haske ne mai rauni wanda anka kauce da launinsa gefe don kada su haɗiye shi, ya ratsa su ya wuce. Ya ce in ɗauka hasken da yake kwance gefe guda tufka biyu ne a haɗe, ɗaya mai juyawa dama ɗaya hagu, in an sa ɗan maganaɗisu ta tsawon hanyar sai ƙwayoyin su fi riƙe ɗaya a kan ɗaya. Na ce kamar shanun huɗa, in sa ɗaya ya fi ɗaya nauyin ƙafa garma karkacewa take. Ya tafa ya ce zai sace wannan. Yawan karkacewar shi yake faɗin yawan ƙwayoyin da ke wancan zama. A ƙarshen hanya ga leda a gicciye, in ba murɗa duhu, in akwai sai haske ya ɓullo, kamar kwalbar nan, kuma ɗan haske a kan duhu ya fi sauƙin gani da ɗan ragi a kan haske mai yawa, cocila da dare daga nesa ake hango ta, da rana ko a gabanka ba ka lura. Wani lokaci kuma raba hasken suke biyu a kan ido biyu na lantarki kamar sikeli mai kwano biyu, in lezar ta yi rawa duka biyun tare suke rawa ba a ƙirga shi, murɗa ce kawai take rinjayar da kwano ɗaya.

Nan na yi shiru don maigidana ya faɗo mini a rai. Mutumin nan in anka kawo agogo mai wani ba ya fara buɗe bayansa, a kunne yake karawa ya rufe ido, ya ce wannan gashinsa ya manne, wannan mai ya bushe, kuma kullum yana mana faɗa cewa duk buɗewa ɗaya ƙurar Tawa ta shiga, ka zo duba lafiya ka bar cuta. Na faɗa wa yaron, ya ce to shi ne.

Amma ni ɗan kasuwa ne, na san ba a ba da kaya kyauta. Na ce ina aibin. Ya yi murmushi ya ce akwai. Ko an kauce da launin, wasu ƙwayoyin sai sun haɗiyi ɗigo ɗaya biyu, in ka rage hasken sosai don kada ka dame su amsar ta yi rauni, in ka ƙara ka koma gidan jiya. Hasken kansa yana ɗan gusar da lambar da ake aunawa, shi ya sa ba a kunna shi sai an gama buga rediyon. Maganaɗisun da ke kawo murɗar shi ma yana taɓa lambar, dole ya zama kaɗan kuma tsayayye, a naɗe akwatin da rigunan wani ƙarfe mai tare maganaɗisun duniya da na duk abin da ya gifta. Ya ce rabin shekararsa ta tafi ne wajen neman abin da yake motsa masa sakamako, ba wajen wani babban tunani ba. Wannan na yarda da shi, aiki haka yake. Masu bincike a Shanghai ma sun yi aiki a kan karanta agogon rubidiyom ta murɗar haske, da kuma sanyaya ƙwayoyi a cikin wata ƙwarya mai farin ciki wadda haske yake yawo a cikinta ta kowane gefe, duk don abin ya ƙanƙance ya daina cin ɗaki guda. Sin ta hau da agogon rubidiyom mai sanyi sararin sama a 2016 cikin Tiangong-2, na Faransa mai sesiyom da ake kira PHARAO ya tafi tashar sararin sama ta duniya a Afrilun 2025.

Na ce duk wannan wahala don wa, wa zai yi shekara miliyan 100 ya zo ƙorafi. Ya ɗauki salulata ya ce don wannan. Taurarin GPS suna can wajen kilomita 20,200 sama, kowanne da agogon zarra a cikinsa, abin da suke aikowa lokaci ne, salula ta auna jinkirin isowar saƙon ta gane inda take. Haske yana cin santimita 30 a kashi ɗaya cikin miliyar na sakan, in agogo ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan an jefar da kai mita 300, daga gidan yaya sai cikin kogi. Kuma lokacin da salula take nunawa daga rezo take karɓa, rezo kuma a ƙarshe daga irin agogunan nan. Na dube shi na ce ashe kai ne. Shekara goma ina neman wanda ya kashe mini kasuwa, kowa ya daina ɗaura agogo don salula ba ta ƙarya, ashe a gidanmu yake, da kuɗin makarantar da har ni na taɓa sa hannu a ciki. Yaya tana daga ɗaki ta ce "ku dai ku kwanta."

Ranar da zan koma da hantsi munka sauka bakin kogi kusa da gadar, wajen masu wanki, ruwa ya cika sosai don a wannan lokaci ne ruwan da ya sauka can Gini yake isowa Yamai, ba ruwan sama amma kogi ya batse. Rana tana dukan ruwan yana walƙiya har ba a iya kallo. Na ciro ledata na juya, walƙiyar ta dushe sai ga ruwan ja-ja da ciyawa tana tafiya a kai da wani mai kwalekwale da dā ƙyalli ya ɓoye shi. Yaron ya ce hasken da ya daki ruwa ko gilashi ya dawo yawancinsa a kwance yake, wani Malus ya fara lura da haka a 1808 yana kallon tagogin wata fada a Faris da yamma. Wani mai wanki ya bar sabulunsa ya zo ya ce in ba shi ya gani, ya duba ya duba ya ce nawa zan sayar. Na ce ba ta sayarwa ba ce, na yanka masa rabi da reza.

Motar komawa ta dare ce, ita ma ta yi lattin minti arba'in da ɗaya. Ruwan sukarin nan yaya ta zuba shi a zoɓo ta ɗura mini a gora, na sha har Doso. Kwana biyu da isowata Tawa na sayi zuma wajen wata Bafulatana, na sirka da ruwa a kwalba don ta yi haske, bayan magariba na ja ƙofar shagon maƙwabcina mai foto munka kunna farin shafi a ordinatarsa. Na juya ledar dama duhu bai dawo ba, na juya hagu kaɗan sai ga shi. Na kira yaron a WhatsApp in faɗa masa, rezo tana yankewa, ina "hagu ne, hagu" yana "Kawu ban ji ba," ga wani dattijo a bakin teburina tun ɗazu da agogon bango a hammata yana cewa batir ɗin da na sa masa na jabu ne.